Yadda Na Je Misra Aka Ƙi Yi Mini Aiki

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta sha ruwa, ta ajiye kofi, ta ce, "To Malama, mu ga wurin aikin." In miƙa mata wuyan hannuna na dama, in nuna mata wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Sai ta dubi ɗigon, ta dube ni, ta ce Allah ya ƙara sauƙi da irin muryar da ake yi wa wanda aka cuta a kasuwa. Malaman makarantarmu ta nan Kankia kuwa sun ishe ni da tambayar yadda Misra take. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, tunda yanzu zama ba abin da na rasa ba ne.

Ciwon ya same ni a gidanmu, a Dudunni ta ƙasar Kusada, inda na je wankan jego bayan na haifi Nana. Haihuwata ta huɗu ce, ban ga dalilin komawa gida ba, amma Inna, mahaifiyata, ta dage. Inna ba ta wasa da wankan jego. Ruwa sai ya tafasa, a fyaɗa maka shi da ganyen bedi, wato darbejiya, safe da yamma, ka fito ka tarar da kwanon kunun kanwa yana jiranka.

Ana gab da arba'in, wasu maƙwabta biyu suka shigo daka geron furar baƙi. Ina daga ɗaki ina jin dakan nan sanyi-sanyi, ba lugude, ba rai. Ni kuwa tun ina budurwa an san ni da daka a unguwarmu, kuma Allah bai ba ni haƙurin kallon aiki ana yi masa riƙon sakainar kashi ba. Na fito na karɓi taɓarya. Ban daɗe da farawa ba na ji kamar an aza mini buhun dawa a ƙirji. Ciwon ya bi hannuna na hagu, ya hau muƙamuƙi, gumi ya karyo mini, zuciyata ta riƙa tashi.

Inna ta kama ni ta zaunar. "Sanyi ne ya shige ki," ta ce. "Na hwaɗa maki ruwan jiya bai yi zahi ba, kika yi mani gardama."

Ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu. Ni ma na yarda sanyin ne, na daure har wayewar gari. Da Malam, maigidana, ya zo daga Kankia duba mu, fuskata kawai ya kalla ya fita neman mota. A asibitin Kankia likita ya manna mini wayoyi a ƙirji, ya daɗe yana duban takardar da ta fito, ya ce kada mu tsaya ko'ina sai Kano. A Kano aka ɗebi jini, aka ce bugun zuciya ne, irin wanda jini ke yanke wa wani sashe na zuciya. Likitan ya yi ta jero tambayoyi: ciwon sukari? Babu. Hawan jini? Babu. Taba? Na ce haba likita. Ga ni siririya, ban kai shekara arba'in ba. Ya kwantar da ni har na samu sauƙi, ya ɗora ni kan magani, ya ce amma dole a leƙa cikin jijiyoyin zuciyar a ga abin da ya jawo.

Nan Alhaji Babba ya shigo maganar. Yayan Malam ne, ɗan kasuwar hatsi, shi ne babba a gidansu. Shekarun baya shi ma zuciya ta buga masa, aka kai shi Misra aka sa masa wata 'yar waya mai raga a jijiya ta buɗe hanyar jini. Tun daga nan ba ya zama a taro bai bugi ƙirji ya ba da labarin wayar nan ba.

"Misra za a kai ta," ya ce. "A sa mata waya irin tawa, kowa ya huta."

In Alhaji Babba ya yi magana ba a ƙarawa. Aka shiga neman fasfo da biza.

Ranar tafiya Malam ya biyo Dudunni ya ɗauke ni, a can kuma za a bar Nana. Saboda magungunan da nake sha an riga an mai da ita kan madarar gwangwani. Inna ce ta shirya mini jaka, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Tun da na dawo daga Kano ba ta yarda mun haɗa ido ba, sai dai ta ajiye mini abinci ta juya. Na ɗauki Nana na daɗe ina kallon fuskarta. Ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Abin da ke raina shi ne, ko yarinyar nan za ta san ni da idonta, ko kuwa sai dai a ba ta labarina.

Daga Kankia zuwa Kano tafiya ce da kowa ya sani, amma ban taɓa yin mai tsawo irin ta ranar ba. Malam ya zauna gaba kusa da direba, duk ramin da ya hango sai ya ce, "A hankali, akwai mara lahiya." Kafin mu kai Yashe masu babur sun gama wuce mu. A Bichi direban ya juyo ya ce, "Malam, in haka za mu tafi, jirgin nan sai dai ku samu na mako mai zuwa."

Jirgin kuwa rabinsa marasa lafiya ne da masu jinya. Ga mai sanda, ga mai ido a rufe da bandeji, ga tsohuwa a keken guragu. Kafin a tashi an gama gaisawa, kowa ya san ciwon kowa, har ana ba juna sunan magani. Da jirgin ya ɗaga na damƙe hannun kujera na yi ta salati. Na waiga in ga ko Malam zai ba ni haƙuri, na tarar idonsa a rufe, bakinsa ya fi nawa sauri.

A filin jirgin Alƙahira aka buga mana hatimi ba wata matsala, sai wajen duba kaya. Wani jami'i ya buɗe jakata, ya ɗago ƙullin daddawa, ya sunsuna, ya kau da kai yana tari. Ya ɗago kuka, ya ɗago yaji. Can ƙasa, cikin zanina, sai ya zaro wata leda cike da farin abu dunƙule-dunƙule. Fuskarsa ta canza, ya kira 'yan'uwansa biyu. Ni kaina sai da na leƙa na gane: kanwa ce, Inna ta cusa mini a ɓoye.

Malam yana da Larabcin makarantar zaure. Ya gyara tsayuwa ya fara bayani, jami'an suka tsaya suna kallonsa kamar an buɗe littafi yana magana. Ba su gane ba, shi ma bai san sunan kanwa da Larabci ba. Da ya ga abin zai yi nisa, sai ya gutsuri dunƙule ɗaya ya jefa a baki. Wanda ya taɓa lasar kanwa ya san abin da fuskar Malam ta yi. Jami'an suka tuntsire da dariya, babbansu ya dafa kafaɗarsa, ya mayar mana da ledarmu.

A waje muka tarar da Hajiya Bintu, wadda Alhaji Babba ya haɗa mu da ita. Bamaraɗiya ce, aure ya kai ta can tun tana yarinya, tana ba marasa lafiya hayar ɗaki kuma tana yi musu tafinta a asibiti. Tana buɗe baki ta ce, "Kun iso lahiya? Wagga ita ce mai jikin?" na ji kamar a kasuwar Kusada nake.

Masaukinmu can sama yake a wani dogon bene, ana hawa da lif mai ƙofar ƙarfe. Abin da ya fara ba ni mamaki, matan gidan ba sa sauka sayen komai. Mace za ta leƙo ta taga, ta zuro kwando da igiya, ta ƙwala wa mai gurasa kira, ya zuba mata, ta janye abinta. Na ce wa Hajiya Bintu wannan ai lalaci ne. Ta ce, "Ke dai bari, za ki so shi." Maganarsu kuwa duk da ƙarfi ce. Ranar farko na ɗauka faɗa ake yi a ƙasa, ashe gaisuwa ce.

Da safe wake suke ci, dafaffe lugub da mai, a dangwala da gurasa. Da rana aka kawo mana wani abinci da aka haɗa shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya. Malam ya dube shi ya ce mai dafawar ba ta yanke shawara ba. Da na barbaɗa yajin Inna sai ga shi ya ciyu, har na nemi ƙari. Tsallaka titi ne ya gagare mu. Motocinsu ba sa tsayawa, mutum yake kutsawa tsakaninsu. Malam ya tsaya a bakin hanya yana jiran a ba shi wuri, har sai da wata tsohuwa mai kwandon kayan miya ta kama hannun rigarsa ta ja shi, ni da Hajiya Bintu muna biye.

Kafin ranar ganin likita, maƙwabtanmu na bene suka yi bikin haihuwa, su ma ranar bakwai suke yi. Suka gayyace mu. Na ga an kwantar da jaririya a cikin rariya mai ado, wata dattijuwa ta ɗauko ɗan turmin tagulla tana bugawa kusa da kunnenta, tana faɗa mata ta ji maganar uwarta da ubanta. Mai jegon kuwa tana zaune da kwalliyarta, ba wanda ya taɓa fyaɗa mata tafasasshen ruwa. Na ce a raina, har Misra turmi ya biyo ni. Ina cikin dariya na dubi jaririyar, sai hawaye. Hajiya Bintu ta gaya musu na baro tawa a gida, matan suka kewaye ni, wannan ta rungume ni, waccan ta cika mini hannu da alewa.

Likitar da ta gan ni mace ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta sa na ba da labarin tun daga haihuwa har taɓarya, Hajiya Bintu tana juyawa. Da aka zo kan daka sai da na tashi na kwatanta mata. Washegari aka shigar da ni ɗakin aiki. Ba a sa ni barci ba, wuyan hannuna kawai aka kashe, aka zura wani siririn bututu ta nan har zuciya. A allon da ke gefena na ga jijiyoyina sun bayyana kamar saiwar bishiya. Likitar ta daɗe tana duban wuri ɗaya. Ina kwance ina jiran in ji an sa waya, sai na ji ta zare bututun, ta ɗaure mini hannu.

Da aka maido ni ɗaki Malam ya tare likitar. "An sa?"

Hajiya Bintu ta tambaye ta, ta juyo. "Ta ce ba ta sa ba, kuma ba ta sawa."

Na ga fuskar Malam ta faɗi. Mu mutanenmu, in ka je asibiti ba a yi maka allura ba, ba ka ga likita ba. To balle a ɗauko mutum tun daga Kankia har Misra.

"Hajiya, ki roƙe ta," ya ce. "Don wayar nan muka zo. Yayana an sa mashi, ga shi can garau. Mi zan ce ma mutane?"

Likitar ta nemi izni, ta kama wuyan babbar rigar Malam ta juyo cikinta, ta nuna shafin da aka ɗinka a ciki. Ta ce jijiyar zuciya haka take, da riga da shafi. Na yayansa, ta ce, kitse ne ya taru shekara da shekaru ya toshe hanya, irin wannan shi ake buɗewa da waya. Nawa jijiyoyin tas suke, ba kitse ko kaɗan. Shafin ne ya yage da kansa a wuri ɗaya, jini ya shiga tsakaninsa da rigar ya taru, ya matse hanyar har zuciya ta rasa jini. Ta ce abin ya fi samun mata masu ƙuruciya waɗanda ba su da wani ciwo, da yawa kuma bayan haihuwa, lokacin da jijiyoyi suka yi laushi. Shi ya sa ake yawan ɗaukarsa wani abu dabam.

"To a ɗinke mana," in ji Malam.

"Ta ce ya riga ya hwara haɗewa da kansa," in ji Hajiya Bintu, "jini na wucewa. In ta tura waya cikin yagaggen wuri, tana iya ƙara yaga shi. Akwai wadda dole a sa mata, in jinin ya tsaya cak. Taka ba ta cikinsu, ka gode Allah."

Malam ya gyara wuyan rigarsa. Likitar ta juyo kaina ta jero sharuɗɗa. Magani kullum, mai sa zuciya ta riƙa bugawa a natse. Awon jini a kai a kai. Tafiya da ƙafa, ta ce in yi. Amma ɗaukar kaya mai nauyi, da jan guga a rijiya, da duk aikin da sai an yi yunƙuri an riƙe numfashi, babu. Maganar wata haihuwar kuma, kada mu yanke ba mu zauna da likitan zuciya ba. Ta ce abin yana iya dawowa, in na sake jin nauyin nan a ƙirji kada in kwana da shi, in tafi asibiti in gaya musu abin da ya taɓa samuna.

"Daka fa?" na tambaya.

Ba ta jira an juya mata ba, ta gane daga hannuna. Ta girgiza kai.

Sai na ciro ledar kanwa daga jakata na ajiye mata, na ba ta labarin wanka da kunu. Na ce ina so ta gaya mini gaskiya, su ne suka yi mini wannan? Ta ɗanɗana kaɗan a yatsa, ta yamutse fuska kamar Malam. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana ɗora wa zuciya nauyi, in bar ta, ruwa mai tsananin zafi ma haka. Kwanan da na yi da ciwon shi ne babban haɗarin, kada a sake. Amma yagewar ita kanta, ta ce, ba wanda ya yi mini ita. Mai yiwuwa dakan ne ya ƙarasa abin da ya riga ya yi laushi, wata kuwa tana zaune a kujera yake samunta. Na roƙi Hajiya Bintu ta sa ta maimaita wannan, don akwai wadda zan kai wa.

Da yamma Malam ya kira Alhaji Babba, ina jin muryarsa daga inda nake kwance.

"Ba su sa ba? To mi kuka je yi?"

"Yaya, mun je ne a hana mu," in ji Malam. "Da mun samu mai biye mamu, da wataƙila mun ɓata ta."

Sauran kwanakin na yi su cikin kwanciyar rai. Muka je bakin kogin Nilu muka sha shayi, na sayi turare da 'yan riguna na yara. Na koyi zura kwando ta taga, har mai gurasa ya san ni. Kanwar na bar wa Hajiya Bintu, ta ce ta daɗe tana neman ta dafa wake.

Muna sauka Kano ban yarda mun kwana ba, a Kankia ma jaka kawai na ajiye, na ga manyan yara, na ce a kai ni Dudunni. Tun daga zaure na ji ana daka a tsakar gida, irin dakan nan dai na sanyi-sanyi, har tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi. Inna tana tsaye da Nana a baya. Ta rame. Ba ta ce sannu da zuwa ba, ta ce, "Ina wurin da suka yanka?"

Na miƙa mata hannu. Ta riƙe, ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana neman ɗigon.

"Wanga kaɗai?"

"Shi kaɗai, Inna. Likita ta ce yana warkewa da kansa. Kuma ta ce in gaya maki, ba ruwan wanka ba ne ya yaga, ba kunu ba ne. Ba wanda ya yi mani."

"Ita ta hwaɗi haka, ko ke?"

"Ita. Sau biyu ma."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni cikin ido, rabon da ta yi haka tun kafin Kano. Ta ja gefen mayafinta ta share fuska. Na gaya mata sauran, har da kanwa da kwanan da muka yi da ciwo, ta saurara ba ta yi mini gardama ko ɗaya ba. Da na zo kan daka, ta juya wajen masu dakan ta ce su juye geron a ƙwarya. Ta karɓi taɓaryar ta jingine can bayan rumbu. Turmin nan da na tashi da shi tun ina budurwa, ta kama shi da hannu biyu ta kife a inuwa, ta kakkaɓe gindinsa da tafinta.

"Zauna," ta ce. "Aikinki da shi ke nan daga yau."

Na zauna. Ta kwance goyo ta ɗora mini Nana a cinya. Yarinyar ta yi ƙiba, ta yi wayo. Ta ƙura mini ido, ta taɓe baki za ta yi kuka, ta waiga tana neman Inna. Na kira sunanta a hankali, na sake kira. Ta tsaya, ta juyo, ta kama yatsana ta kai baki.